Ƙwaya nawa furosesa ke buƙata don gyaran hotuna?

Duk mai ɗaukar hoton biki da ya shiga Banex da ke Wuse 2 neman kwamfuta, abin da zai fara ji daga bakin mai shago shi ne yawan ƙwayoyin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ƙwayoyin da 'yan kasuwa ke kira kor. "Alhaji, wannan ashirin ce da ita." Kafin ka zaro kuɗi, tambayi kanka a wace manhaja kake kwana.

Idan Photoshop ce, kana gyaran fatar amarya da gashin ido hoto ɗaya bayan ɗaya, yawancin aikin buroshi da tacewa ƙwayoyi kaɗan yake amfani da su, sauran suna zaune. Saurin kowace ƙwaya shi ke sa buroshi ya bi hannunka ba tare da jan ƙafa ba. Lightroom Classic kuwa, lokacin da ka juye hotunan RAW (ɗanyen hoto kamar yadda kyamara ta ɗauka) na kamu da ɗaurin aure da dina, ko kake fitar da su gaba ɗaya, tana rarraba aikin ga ƙwayoyi da yawa. Kamar ɗinkin anko ne: tela goma za su gama riga goma da wuri, amma ba za su haɗu a kan wuyan riga ɗaya ba.

Shi ya sa nake jan kunnen mutane game da tsofaffin manyan kwamfutocin ofis na tokumbo, irin HP Z620 mai furosesa Xeon guda biyu. Ƙwayoyinta da yawa, farashinta da sauƙi, amma kowace ƙwaya ta tsufa, tana shan wuta kamar me, ga shi Windows 11 ba ta karɓarta a hukumance, kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025. Wanda ke aiki da inbata ko janareta zai ji a aljihunsa. Furosesa irin Core i5-12400 ko Ryzen 5 5600, masu ƙwaya shida, sun fi ta daɗin aiki a Photoshop nesa ba kusa ba.

Tun daga zubi na 12 da Intel ta fitar a 2021, ba duk ƙwayoyi ne daidai ba. A cikin goma sha biyun i7-12700K, takwas ne masu ƙarfi, huɗu na tsimin wuta ne. Sai ka tambayi masu ƙarfin nawa ne.

A laftof, duba harafin ƙarshe na lambar furosesa. Sunan i7 kaɗai ba ya cewa komai: i7-7500U ƙwaya biyu ce kacal. Masu H sun fi masu U jure aiki mai nauyi, sai dai a zafin Abuja na Maris da Afrilu, siririyar laftof da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka za ta rage gudu da kanta. Ka je da filashi mai hotunanka na RAW, ka sa a fitar da su a gabanka, ka taɓa ƙasan na'urar ka ji.

A ganina ƙwaya shida zuwa takwas na zamani sun ishi yawancinmu. Ragowar kuɗin a sa wa RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kai), 16GB aƙalla, 32GB in da hali, da SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri), da katin hoto (girafik kad) mai kyau, domin Denoise na Lightroom, mai share dishi-dishin hoto, a kan katin ya dogara. Ryzen 9 5950X mai ƙwaya 16 sai situdiyon da ke fitar da dubban hotuna kowane mako.