Wace Mota Za Ka Fara Saye a Gran Turismo 7?

A Gran Turismo 7, wasan tseren motoci na PlayStation, idan ka tara kuɗin wasa ka shiga Brand Central, wato shagon sababbin motoci na cikin wasan, abin da idonka zai fara faɗawa a kai shi ne ƙarfin doki da lambar PP, wato makin da ke nuna ƙwazon mota. Wasan ne ke lissafa PP daga ƙarfin inji da nauyi da taya da sauransu, kuma da ita ake ƙayyade motocin da za su shiga wasu gasanni. Sai dai lambar ba ta gaya maka yadda inji ke sakin ƙarfinsa sa'ad da ka taka totur a fitowa daga kwana, alhali a nan ake cin tsere.

Ni Porsche 911 GT3 RS ta 2016 na zaɓa, kuma ita nake ba kowa shawara. Injinta lita 4 ne, silinda shida a kwance, babu turbo. Tana ba da doki 500 a juyi 8,250 cikin minti, nauyinta kuma kilo 1,420. Da yake babu turbo, gwargwadon yadda ka taka, gwargwadon abin da za ta ba ka. Ƙarfin yana hawa ne a hankali kamar mai hawan matakala, ba ya yi maka dirar mikiya a tsakiyar kwana. Ga shi injin a baya yake, nauyinsa na danne tayoyin da ke tura motar, shi ya sa take fita kwana ba tare da yawan zamiya ba. Sharaɗinta ɗaya: kada ka bar juyin inji ya faɗi, ka rage giya da wuri. Ka kai ta filin tseren Suzuka, wurin kwanonin nan masu bin juna hagu da dama, za ka ji abin da nake faɗa.

Nissan GT-R ta 2017 tana da doki 570, turbo biyu, kuma duk tayoyinta huɗu na ja. Sabon shiga zai ji daɗinta, amma ta haura kilo 1,700, kuma birki ne ke biyan wannan nauyi. Corvette ZR1 ta 2019 mai doki 755 kuwa, miƙaƙƙiyar hanya kaɗai ta dace da ita a hannun mai koyo. Ferrari 458 Italia ce kawai ke sa ni waiwaye, don ita ma ba turbo, tana kai juyi 9,000.

To ga inda nake so a buɗe kunne. Akwai masu tallan asusun PlayStation a WhatsApp da Instagram, wai cike da miliyoyin kuɗin wasa da motoci masu tsada. Wani ya taɓa sayar mini da irinsa, bayan 'yan kwanaki ya canza kalmar sirri ya toshe lambata. Tunda adireshin imel ɗin nasa ne, duk ranar da ya ga dama zai karɓe kayansa, ba ka da wurin kai ƙara. Kuma wasan nan mafi yawansa sai da intanet, ci gabanka yana ɗaure da asusun, idan ya tafi motocinka sun tafi.

Haka batun sitiyarin da ake jonawa da PlayStation don buga wasan. Ana sayar da wasu masu araha da ke karkarwa kawai, a ce maka irin Logitech G29 ne. Na gaskiya yana juyawa digiri 900, yana da injin lantarki biyu a ciki da ke turje wa hannunka idan taya ta fara zamewa. Ba tare da wannan turjiyar ba, bambancin Porsche da GT-R ɗin da na bayyana ba za ka ji rabinsa ba. A kula da G920 ma: kamarsu ɗaya, amma na Xbox ne, ba ya aiki da PlayStation. Kafin ka biya, sa mai shago ya jona shi a gabanka, ka ga ya juya da kansa hagu da dama ya dawo tsakiya, sannan ka taka fedojinsa uku ɗaya bayan ɗaya a cikin wasan.