Nakupenda: Wane Jirgi Ya Kamata Baƙo Ya Hau Daga Birnin Zanzibar?

Nakupenda tudun farin rairayi ne a tsakiyar teku, tafiyar kimanin minti 20 zuwa 30 a jirgi mai inji daga tsohon birnin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, wato Stone Town, kuma ma'anar sunan a harshen Sawahili ita ce "ina son ka" ko "ina son ki". Babu itace ko ɗaya a kansa, babu gini, babu banɗaki, kuma idan teku ta cika tana shanye mafi yawansa. Saboda haka, kafin a yi maganar farashi, abin da ya kamata mai niyyar zuwa ya fara tambaya shi ne lokacin da ruwa zai janye a ranar, domin lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana, kuma jirgin da ya isa a makare zai tarar da ɗan abin da ya rage na tudun cike da jama'a.

Hanya mafi araha ita ce a shiga jirgin haɗaka ta hannun samarin da ke tallar tafiyar a bakin teku kusa da lambun Forodhani. A nan ciniki ake yi kamar a kasuwa, kuma kuɗin da aka fara faɗa ba shi ne na ƙarshe ba. Matsalar ita ce yawancinsu 'yan kamasho ne, ba masu jirgi ba, don haka alkawarin da suka ɗauka a bakin teku ba lalle ne matuƙi ya san da shi a kan ruwa ba. Duk wanda ya bi wannan hanya, ya fi masa ya ga jirgin da idonsa, ya ƙirga rigunan ceto, ya kuma riƙe wani kaso na kuɗin har sai an dawo.

Yin rajista ta otal ko ta kamfanin yawon buɗe ido ya fi tsada, amma ƙarin kuɗin yana sayen abu guda mai muhimmanci, wato akwai wanda za a tuhuma idan aka saɓa. Sau da yawa jirgin iri ɗaya ne da na samarin bakin teku, abincin ma haka: gasasshen kifi, jatan lande, soyayyen dankali da 'ya'yan itatuwa, a ƙarƙashin rumfar da ma'aikatan jirgi ke kafawa da sanduna huɗu da tamfol. A mazhabar Malikiyya dabbobin teku halal ne, sai dai ba kowane baki ne ya saba da su ba, don haka wanda ba ya ci ya faɗa tun daren jajibiri a tanadar masa kaza.

A ganina, ga mai tafiya da iyali, shatar jirgi ita ce ta fi dacewa, ko da kuɗinta ya fi yawa. A jirgin haɗaka mutum ba shi da ta cewa game da abokan tafiya, da irin shigarsu, da abin da suka zo da shi na sha, ko da yake mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne. Wanda ya yi shata kuwa shi ke tsayar da lokacin tashi, yana iya isa tun da sassafe kafin rumfuna su cika tudun, yana iya cewa a kafa masa tasa can gefe inda mata za su shiga ruwa cikin sutura ba tare da takura ba, kuma idan rana ta galabaitar da yara sai a juya gida. In an kai mutum biyar ko shida aka raba kuɗin, bambancin ba ya da yawa. Batun salla bai zama damuwa ba, tunda ruwan teku yana tsarkakewa, a zo dai da darduma.

Akan haɗa tafiyar da ziyarar tsibirin Changuu, wanda aka fi sani da Tsibirin Kurkuku. An fara gina kurkukun a 1893 amma ba a taɓa tsare fursunoni a cikinsa ba, sai aka mayar da shi wurin killace masu cututtuka masu yaɗuwa. Abin kallonsa a yau manyan kunkuru ne waɗanda asalinsu kyauta ce daga tsibiran Seychelles a 1919. Akwai kuɗin shiga na daban, kuma nan ne aka fi samun saɓani, don haka a tabbatar ko yana cikin abin da aka biya.

Wanda yake son yini guda a jirgin katako mai filafili, sai ya duba tafiyar da ke tashi daga ƙauyen Fumba zuwa mashigin Menai, inda ake cin abincin rana a tsibirin Kwale kusa da wata tsohuwar kuka. Ta fi tsawo, ta fi gajiyarwa ga ƙananan yara. Mnemba kuwa, wani tsibiri da ke arewa maso gabashin Zanzibar, ta masu ninƙaya ce da kallon kifaye a cikin murjani, domin tsibirin a hannun masu otal yake, ba a barin baƙi su sauka, kuma wanda bai iya ruwa ba zai ƙare yana zaune a jirgi.

Daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, ana yawan soke tafiya, saboda haka a nemi sanin ko za a mayar da kuɗi in hakan ta faru. Daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu da suke kira kusi tana tayar da igiyar ruwa, musamman da yamma, kuma mai saurin jiri ya sha maganinsa kafin ya hau, ya zauna ta bayan jirgi inda girgiza ta fi sauƙi.