Winchester 70 da Mauser 98: wacce ta girmi wata, wacce ta fi daraja?

Ɗan'uwa, ka ce kawu ya bar maka bindigogin farauta biyu, ɗaya an rubuta Winchester Model 70 a bututunta, ɗayar Mauser ce mai tambarin gaggafa da haruffan byf, kana so ka san shekarunsu da wadda ta fi kuɗi. Allah ya jiƙan kawu. Kafin komai, ja sakatar kowacce ka leƙa, ka tabbata ba harsashi a ciki.

Sha'anin Winchester da sauƙi, lambar da ke jikin gidan sakata ita ce takardar haihuwarta. A 1936 aka fara ƙera ta a New Haven ta Amurka, kuma duk wadda lambarta ba ta haura 581,471 ba, kuma ba harafi a gabanta, kafin 1964 aka yi ta. A 1964 kamfanin ya sauya ƙira don rage kashe kuɗi, ya tsallaka da lamba zuwa 700,000, daga baya kuma ya maƙala harafin G a gaba. Masu tara bindigogi ba su da zance sai na wannan shekara. Ko ba lamba ma ido ya isa. Zaro sakatar: in ka ga doguwar ƙugiyar ƙarfe kwance a gefenta, wadda ke cafke gindin harsashi tun yana tasowa, tsohuwar ƙira ce. Shafa zanen da ke kan katakon wurin riƙo. Na da sassaƙa shi aka yi, yana da kaifi a yatsa, na bayan 1964 kuwa inji ne ya danna shi, sumul yake. Sai dai a kula, an dawo da ƙugiyar nan a shekarun 1990, amma waɗannan da G ɗinsu.

Mauser ɗinka kuwa ba don daji aka haife ta ba, soja ce ta yi ritaya. Haruffan byf lambar sirri ce ta masana'antar Mauser da ke Oberndorf a Jamus daga 1941 zuwa 1945, kuma alƙaluma biyun da ke tare da su shekara ce: byf 43 na nufin 1943. Ƙananan gaggafan nan hatimin masu duba makamai na rundunar Jamus ne. Bayan yaƙi an kwashi irinta da yawa, aka datse katako, aka cire zoben igiya, aka huda ƙarfe don ɗora madubin saiti. Wadda Oberndorf ta ƙera don mafarauta tun asali, cikakken sunan kamfani take ɗauke da shi, da hatimin kambi a kan haruffa irin su B da U in kafin 1940 ce. Wannan kam wani aji ne daban.

Abin dariya, ƙugiyar da ake yi wa Winchester kirari a kanta, daga ƙirar Paul Mauser ta 1898 aka aro ta. Uwa ce da 'yarta a hannunka.

Batun kuɗi, in Winchester ɗin ta kafin 1964 ce kuma ba a taɓa ta ba, ita ce a gaba nesa ba kusa ba. Girman harsashi ma na magana: .30-06 da .270 sun yi yawa, .300 Savage da .35 Remington kuwa ba kasafai ake ganinsu ba. Ƙarin huda ɗaya a gidan sakata, ko sabon fenti a ƙarfe, sai farashi ya zube. Ita Mauser, da an bar ta da kayan sojanta, lambar sakata ta yi daidai da ta jiki, da masu tara kayan yaƙi sun yi rububinta. Tunda an datse ta, darajarta ta koma ta aiki kawai, kodayake aikin ba ƙarami ba ne.

Roƙona ɗaya, kar ka kusance su da takardar goge ƙarfe da sunan gyara, tsumma da ɗan mai sun wadatar. Kar kuma ka harba Mauser ɗin sai maƙerin bindiga ya auna cikinta. Asalinta harsashi mai girman 8x57 take ci, amma da yawa an faɗaɗa musu ciki bayan yaƙi ba tare da an sauya rubutun jiki ba. Turo hoton sakatar Winchester ɗin da alƙaluman farko na lambarta, mu gani ko ta girmi sojar.