Total War: Rome II da yaƙin dakarun ƙasa

Wasan nan na dabarun yaƙi a kwamfuta da kamfanin Creative Assembly ya fitar a 2013 ya fi armashi a wajen dakarun ƙasa. Masu dogayen masu na Makidoniya, in sun ja sahu, babu mai tunkararsu ta gaba. Amma juyawa na yi musu wuya, don haka a tsare gefensu da masu takobi, kada mahaya dawakai su zagayo ta baya su tarwatsa su. Tsarin kunkuru na Rumawa, inda suke rufuwa da garkuwoyi, yana tare kibau sosai. Kada a sa dakaru gudu tun daga nesa, gajiya za ta karya musu lago kafin a gwabza. Aibin wasan ɗaya: a ƙofar birni rundunoni kan cunkushe, sahu ya wargaje.