Laburaren garinmu: littafin yana nan inda katin ya ce

Wata takwas ke nan ina zuwa laburaren gwamnati da ke garinmu, kusan duk Asabar da kuma ranakun da ba ni da darasin rana. Tarihi nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, ina kuma ƙaro karatun digiri a lokutan hutu. Ba son littattafan wurin ne ya fara kai ni ba, neman shiru ne. Wanda ke da yara biyar a ɗaki biyu ya san abin da nake nufi.

Da farko ban sa rai da komai ba. Na saba da laburaren da za ka shiga ka tarar littafin kiwon kaji ya jingina da na dokar ƙasa, ka tambayi ma'aikaci ya ce maka "duba can" ba tare da ya ɗago kai ba. A nan kuwa, ranar da na fara neman wani littafi a kan Daular Sakkwato, na ja akwatin kati, inda kowane littafi ke da katinsa mai ɗauke da suna da lamba, na kwafi lamba 966.9 da haruffa uku na farkon sunan marubucin, na bi layi ina duba lambobin da aka manna a gadon bayan littattafan. Yana nan. Daidai inda katin ya ce. Sai da na tsaya na sake duba lambar, don na ɗauka dace na yi.

Ashe aikin mutum ɗaya ne, dattijon da ke shugabantar masu jera littattafai, wanda kowa ke ce wa Baba. Mutum ne gajere, mai farin gemu, da tabarau ɗaure da zare, kullum da tsumma a aljihun gefe. A ƙarƙashinsa akwai ma'aikata biyu, sai 'yan bautar ƙasa da ɗaliban da ake turowa sanin makamar aiki, waɗanda ba su daɗewa.

Haɗuwarmu ta farko ba ta yi mini daɗi ba. Na gama da littafi, na tashi zan mayar da shi inda na ɗauko, a ganina ladabi nake yi. Sai na ji murya a bayana: "Malam, ajiye shi a tebur." Na ce, "Baba, ai na san wurinsa." Ya ce, "Na san ka sani. Amma wanda zai gan ka ya kwaikwaye ka bai sani ba." Ya karɓe littafin ya ɗora a kan 'yar amalanken da suke turawa tsakanin kantoci. Kunya ta kama ni, har da ɗan haushi. Daga baya na gane dalilinsa: littafin da aka soke a kantar da ba tasa ba tamkar ya faɗa rijiya ne, yana cikin ginin amma babu mai ganinsa, wata da watanni.

Tsarin da suke bi shi ne na Dewey, wanda wani Ba'amurke, Melvil Dewey, ya fitar a 1876. An kasa ilimi gida goma, daga 000 zuwa 900: addini a 200, harsuna a 400, kimiyya a 500, adabi a 800, tarihi a 900. Duk da ya karaɗe duniya, tsarin bai ɓoye asalinsa ba. Daga 220 zuwa 280 duk na Littafi Mai Tsarki ne da Kiristanci, Musulunci kuwa kaf ɗinsa an cusa shi a lamba ɗaya, 297. To a garinmu lambar nan ita kaɗai ta cinye kantoci da yawa, tafsiri da hadisi da fiƙihu da sira duk a ƙarƙashinta. Haka nahawun Hausa sai ka gangara 493.72, adabinta kuma 893.72, can ƙurya cikin "sauran harsuna". Baba bai taɓa lambobin ba, amma ya rubuta kwalaye da hannunsa, da boko da ajami, ya liƙa a bakin kowace kanta, yadda tsohon da ya zo neman littafin rabon gado ba sai ya san wani Dewey ba. Wannan kaɗai ya isa a yaba masa.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da suke kira karatun kanta. Kafin a buɗe ƙofa, Baba yakan raba musu layi-layi, kowa ya bi nasa da yatsa, littafi bayan littafi, yana duba ko lambobin sun bi juna. Wata safiya na yi sammako aka bar ni na shiga, na tarar yana yi wa wata 'yar bautar ƙasa gyara. Ta jera tarihin Nijar, 966.26, a bayan na Najeriya, 966.9, domin a lissafinta 26 ta fi 9. Bai ɗaga murya ba. "'Yata, bayan ɗigo ba a ƙirga kamar kuɗi. Ɗaya-ɗaya za ki bi. Biyu ce gaba ko tara?" Ta ce biyu. "To Nijar ta riga mu, Ghana a tsakiya, 966.7, sannan mu." Ni da nake koyar da tarihin ƙasashen nan ban taɓa lura da haka suke zaune a kanta ba.

A wajen karatun kantar nan ne yake kama ɓarayin zaune. Idan JAMB ko WAEC ta matso, yara kan cika wurin maƙil, littafin kemistiri mai kyau kuma bai fi biyu ko uku ba. Sai yaro ya gama karatu ya kai shi sashen shari'a, 340, ya tura bayan manyan kundaye don gobe ya same shi shi kaɗai. Baba ya san duk maɓoyarsu. Maganin da ya yi shi ne ya kwashe irin waɗannan littattafai ya ajiye a bayan teburinsa: ka ba da katinka, ka sa hannu, ka yi awa biyu, ka dawo da shi wani ya samu. Yaran suna gunaguni, amma kowa na samu.

Yadda ake riƙe littafi ma yana da doka a wurinsa. Ba a sa yatsa a saman gadon baya a fizgo, nan ne yake fara yagewa. Sai dai ka ɗan tura na dama da na hagu ciki, ka kama naka a tsakiya. Ba a cika kanta dam, ana barin sarari a ƙarshe a tokare da ƙarfe don kada littattafan su kishingiɗa su lanƙwashe. Manyan littattafan taswira a kwance suke. Salatif kuwa ya tsane shi kamar me, ya nuna mini wani shafi da aka liƙe shekarun baya, wurin ya yi ja ya bushe, rubutun ya tashi tare da shi. Gam da ƙyalle yake amfani da su, abin da ya fi ƙarfinsa ya ware wa mai ɗinkin littafi. Da hunturu kullum sai an bi kantoci da busasshen tsumma, kuma babu kantar da ta manne da bango, saboda gara.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya zaci aljannar duniya zai tarar. Ginin ya gaji. Idan aka ɗauke wuta, shi ke nan, ba janareta, kuma a watan Afrilu zama a ɗakin karatun sama sai mai haƙuri. Banɗaki ba na ma son in yi maganarsa. Ka yi alwalarka daga gida. Akwai yoyo a kusurwar sashen 600, da damina sai an rufe littattafan noma da leda. Akwatin kati kuma, duk da amincinsa, yana ɗauke da katunan littattafan da suka ɓace tun tuni ba a cire ba. Sau biyu ina bin lamba in tarar wayam, Baba ya ce mini wannan an are shi tun kafin a kawo shi sashen, bai dawo ba. Kwamfutocin da aka ce za a zuba sunayen littattafai a ciki suna nan an lulluɓe su da zane.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗakin jaridu. Na shiga neman tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, da New Nigerian, don aikin da nake rubutawa. Waɗanda aka ɗinke shekara-shekara suna nan lafiya a jere. Sauran kuwa ɗauri-ɗauri ne da igiya a ƙasa, takardar ta yi rawaya, kana taɓawa tana marmashewa. A gefe ga kwalayen littattafan da aka bayar kyauta, ba a buɗe ba, domin sai an ba littafi lamba kafin ya hau kanta, kuma mai ba da lambar mutum ɗaya ne a wani ofis. Littattafan Larabci da na ajami da yawa suna cikin wannan jiran. Na yi wa Baba ƙorafi, ya ce, "Malam, ni jerawa aka ba ni. Abin da bai da lamba, ina zan sa shi?" Gaskiyarsa, amma ni mai nema ban ga abin da na zo nema ba.

Ga mai niyyar zuwa: ka zo da safe, kafin goma, lokacin kantoci na nan yadda aka gyara su kuma akwai kujera kusa da taga. Jaka a bakin ƙofa ake barinta, ka shiga da biro da takarda kawai. Ranar Juma'a da wuri ake tashi. Idan ɗan jarrabawa ne kai, wuce teburin Baba kai tsaye. Idan bincike mai zurfi ne da sababbin littattafai, a nan ba za ka ƙoshi ba, sai ka haɗa da laburaren jami'a.

Asabar ɗin da ta wuce na ji ma'aikatan suna zancen saura wata bakwai Baba ya yi ritaya. Na tambaye shi wa zai karɓa. Ya nuna mini wani saurayi da ke can ƙarshen layin 500 yana bin littattafai da yatsa, ya ce, "Idan ba a yi masa canjin wurin aiki ba." Sannan ya miƙo hannu ya karɓi littafin da ke hannuna, don har na soma nufar kanta da shi.