Na ɗaura wa motar haƙata gudumar fasa kankare: ga yadda ta kaya

Motar haƙa mai bokiti gaba da baya, ajin su JCB 3CX da Cat 428 da Case 580, kusan babu aikin da ba ta taɓawa a wurin gini. Amma da zarar haƙoran bokiti sun ci karo da kankare ko dutse, aiki ya tsaya cik, sai an nemo kwamfireso da masu hamar hannu, mota da direba suna zaune. Wannan zaman ne ya ishe ni, na sayi guduma mai aiki da man haidirolik, wadda ake cire bokitin baya a ɗaura ta a gurbinsa.

Wadda na ɗauka nauyinta bai kai kilo 400 ba, daidai da abin da motoci masu tan 7 zuwa 9 ke ɗauka. Mai sayarwa ya so in ƙara girma, na ƙi. Guduma mai nauyi tana rinjayar mota idan aka miƙa hannu gefe, kuma tana neman man da famfon motar ba zai iya ba ta ba.

Sayen shi ne mai sauƙi, haɗin ne aiki. Motata ba ta zo da layin guduma ba, don haka sai da makaniki ya ja bututu biyu a jikin hannun, na kai mai da na dawo da shi, ya sa bawul da fedar takawa. Nan ne duk ƙaddarar gudumar take. Kowace guduma akwai yawan man da take sha a minti, da ƙarfin matsin da take so, a rubuce cikin littafinta. Mai ya yi kaɗan, bugu ya yi sanyi. Ya yi yawa, mai ya ɗau zafi, robobin ciki su ƙone. Na nace sai an sa na'urar awo an gwada a bakin tiyo, ba a yi da ka ba. Layin dawowa kuma aka yi shi da faɗi, ya bi ta filta ya zarce tanki, saboda idan mai ya sami cikas wajen komawa, fistin, wato ƙarfen da ke bugu a cikin gudumar, ba ya sauka da ƙarfinsa. Duk makanikin da ya ce maka wannan ɓata lokaci ne, nemi wani.

Wajen aiki kam, alhamdu lillahi. Daɓen kankare, kwalta, tsohon harsashin gini, dutsen da ya tare ramin bututu, duk tana cinye su. Abin da ya fi burge ni shi ne mota ɗaya ta fasa, a sauya bokiti ta kwashe, ta loda wa tifa.

Sai dai tana da sharuɗɗa, kuma ba ta yafiya. Ƙarfen bakin dole ya tsaya a miƙe kan abin da ake fasawa, a danna shi har ƙafafun mota su ɗan saki, sannan a taka. Idan an yi daƙiƙa 15 zuwa 20 wuri bai tsage ba, a matsa kusa da gefe, domin dagewa wuri guda zafi kawai yake tarawa har bakin ya dakushe. Bugun iska, wato ta buga alhali ba ta dafe komai ba, shi ke cin fil-fil ɗin da ke riƙe da bakin. Direbobi kuma suna da son banƙare dutse da ita kamar sun sami sandar ƙarfe. Haka ake karya baki. Giris duk bayan awa 2 na aiki, irin mai jure zafi, kuma ana sa shi ne bakin na danne a ƙasa. Iskar naitirojin da ke cikin gudumar ita ma ana duba ta lokaci-lokaci, in ta ragu za ka ji bugun ya canza murya.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yadda take gajiyar da motar. Girgizar tana bin hannu har kujera, fil da bushin na gaɓoɓin hannun sun fara cinyewa da wuri fiye da yadda na saba, kusoshi na kwancewa, man haidirolik da filta kuma sai an riƙa canza su kafin lokacinsu. In hannun motarka mai zugewa ne, a mayar da shi ciki a kulle kafin a fara bugu. Ƙara kuwa ba a magana: abin toshe kunne wajibi ne, a rufe gilashi saboda tsartsuwar dutse, a yayyafa ruwa don ƙurar kankare tana lahanta huhu.

Mai aikin magudanar ruwa, gyaran titi ko rushe ƙananan gine-gine, wanda fasawa ke zo masa jefi-jefi, zai more ta. Wanda kuma zai wuni yana fasa dutse kullum, kamar a ma'aikatar fasa dutse, ya bar motar nan ta huta ya nemi babbar eskabeta mai sarƙa.