Kayan gwajin kimiyya na 'yan firamare: wanne ya cancanci sidinka a Kumasi?

Tun da NaCCA, hukumar tsara manhajar karatu ta Ghana, ta fito da sabuwar manhajar firamare a 2019, darasin kimiyya ya koma na taɓawa da hannu. Yaro zai dawo gida a Aboabo ko Asawase ya ce malam ya ce a zo da batir da wayar lantarki. To me za a saya?

Abin da ya fi ɗaukar ido a shagunan Adum shi ne madubin hangen ƙananan halittu na roba, mai kwali mai kyalli da alkawarin ƙara girma sau 1200. Ni dai ban ba da shawararsa ba. Gilashinsa roba ne, hoton dishi-dishi, bayan kwana biyu yaro ya jefa shi ƙarƙashin gado. Gilashin ƙara girma na hannu ya fi shi amfani nesa ba kusa ba: da shi za a ga ƙafar tururuwa, jijiyar ganye da ƙwayar gishiri.

Sai akwatin Science Set na kamfanin Dext, wanda Charles Ofori Antipem da abokinsa suka ƙirƙiro a nan Kumasi. Girmansa bai wuce littafin karatu ba, yana shiga jakar makaranta, kuma ƙarfinsa na wajen haɗa lantarki ne. Ya dace da ɗan aji 4 zuwa 6, musamman idan ku iyaye ba ku da lokacin bin kasuwa. Matsalarsa ɗaya: ƙananan kayan ciki suna ɓacewa a gida mai yara da yawa.

Wanda aljihunsa bai kai ba, ya shiga kasuwar Kejetia wajen masu kayan lantarki. Batir AA biyu, waya, ƙwan LED fari da makunni sun isa. Kowane batir volt 1.5 ne, shi ya sa ɗaya ba ya kunna farin LED. In ya ƙi kamawa, juya shi. Doguwar ƙafar ce ke zuwa wajen alamar +. Maganaɗisu kuwa, mai gyaran rediyo zai ciro maka daga tsohuwar sifika. Wake da auduga da gwangwanin madara na gwajin tsirowar iri ba sai an saya ba.

Kowanne ka zaɓa, kada ka kawo batir mai kama da kwabo ko ƙananan maganaɗisu gidan da akwai mai rarrafe. Haɗiye su na kai yaro ɗakin tiyata.